Shekarar da Muka Raba Shago Biyu

Na daɗe ina jin ƙus-ƙus ɗinku a kan tsagin nan da ya ratsa tsakiyar daɓen shagonmu na Yankara, wanda nake hana a shafe da siminti duk lokacin da aka zo gyara. Na kuma san labarin da ake ba ku a gari, wai ni da Babanku Halliru mun yi rigimar gado har muka raba shago, masu ƙarin gishiri ma sun ce sai da aka kai mu gaban alƙali. Ba a kai mu gaban kowa ba, kuma abin da mahaifinmu ya bari bai kai a ɗaga murya a kansa ba. Tunda ƙarfina ya fara ja baya, gara in rubuta muku da hannuna yadda abin ya kasance, ku kuma daina tambayar mahaifiyarku dalilin da ya sa ban koma Funtuwa ba lokacin da sa'o'ina suka koma suka yi arziki. Sai dai kada ku sa ran zan warware muku komai, domin ni da aka yi abin da ni, har yau akwai inda kaina yake a ɗaure.

Shagon yadi ne kamar yadda kuka taso kuka gan shi: atamfa, shadda, mayafai, ɗan leshi, da farin yadi. Ni ne mai zuwa sari. Ni ke shan zafin mota zuwa Funtuwa da Kano, ni ke jayayya da manyan 'yan kasuwa, ni na san yadin da ke zuba in an wanke da wanda ke riƙe launinsa har ya tsufa. Yaya Halliru kuwa, wanda ya girme ni da shekaru masu dama, aikinsa tabarma. Da safe ya shimfiɗa ta a ƙofar shago, ya cika randa, ya kifa moɗa a kai, ya zauna. Ranar kasuwa mutanen ƙauye wurinsa suke sauke ajiyarsu: buhu, keke, kaji a ɗaure, har akuya an taɓa ɗaure mana a ƙafar tebur ta cinye gefen wata atamfa, Yaya yana dariya. Mace za ta zo sayen ɗankwali guda, ya tsare ta da gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar surukarta da ta kumbura bara, ya tambayi yaron da aka yaye ko ya daina rigima. Ni kuwa ina tsaye da almakashi a hannu, raina yana tafasa, ina kallon rana tana tafiya.

Abu biyu ne suka fi ƙona mini rai. Na farko gyara. In ya auna yadi ya sa alama, ba ya yankawa a kan alamar, sai ya zarce da tafin hannu guda, ko wa ke saye, ko ya yi tayi mai kyau ko bai yi ba. Na biyu shi ne korar ciniki. Da kunnena na ji wata Hajiya daga Mairuwa ta zaɓi atamfa, ta riga ta kwance bakin zane za ta biya, sai ya ce mata:

"Aje wannan, Hajiya, shina zuba. Ki bari kasuwa mai zuwa Sule zai kawo mai kyau, in ɗebe maki tun kafin a gani."

Atamfar nan ni na saro ta, na kuma san tana ɗan zuba, amma ai an yi rangwame a kanta saboda haka. Matar ta tafi hannu wofi tana ta sa masa albarka, kamar wanda ya yi mata kyauta. Washegari da safe muna shan koko a ɗakin Inna, kakarku, na kasa haƙuri na amayar da abin da ke cikina. Na ce ni ke wahala, shi ke surutu, na ce da shagon a hannuna yake ni kaɗai da tuni mun yi bene. Inna, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ta ajiye ludayi ta ce:

"Sule, mi yayanka ya ci maka? Bakin nan nashi da kake raina ma, shi ke ciyar da gidan ga."

Na ce mata baki ba ya saro kaya. Na zaci Yaya zai yi fushi, na ma shirya amsar da zan ba shi. Sai ya share gemunsa, ya yi murmushi, ya ce:

"To mu raba mana, ƙanena. Ka ɗauki ɓangaren da ka fi so, ka gwada naka. In ka yi bene sai ka ba ni ɗakin ƙasa, ka san gwiwata ba ta son hawa."

Haka aka yi, babu zagi babu alƙali. Muka kira kafinta ya kafa bangon katako a tsakiya, ya tsaga daɓe ya dasa ƙafafunsa, shi ne tsagin da kuke gani. Muka raba kaya daidai, kowa ya samu ƙofarsa. Na gyara ɓangarena tsaf, na jera yadi launi-launi, na hana ajiya, na sauke farashi ƙasa da na kowa a layin, na ce magana ɗaya ce babu ja-in-ja. A lissafina, kafin damina ta wuce Yaya zai zo da kansa ya ce a cire katakon.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fara ɗaure mini kai. Mutane za su zo, su leƙo ƙofata, su ce "Malam Sule, sannu da aiki," in amsa, su wuce su zube a tabarmar Yaya. Katakon ba shi da kauri, duk abin da ake faɗa ina ji. Ina jin ana labarin farashin taki, ana labarin wanda rijiyarsa ta rufta, ana ƙyalƙyala dariya, can sai in ji ƙarar almakashi. Da kayansa suka fara ƙarewa, tunda shi bai iya zuwa sari ba, sai na ce to yanzu za a gane. Ina! Mutum zai tambayi shadda ruwan toka, Yaya ya ce masa ya sha ruwa yana zuwa, ya zagayo ta ƙofar baya ya saya a wurina a farashin da nake sayar wa kowa, ya koma ya ɗora ribarsa, ya kuma ƙara tafin hannunsa na gyara. Mai sayen yana jinmu ta cikin katako, ya san daga inda shaddar ta fito, ya san in ya taka ƙafa ya zagayo zai same ta da sauƙi, amma ya zauna ya biya da tsada yana godiya. Wallahi na kan zauna in riƙe kai in ce ko dai mutanen nan ba su da hankali ne, ko ni ne ba ni da shi.

Mahaifiyarku ta ga na rame, abinci ma sai ta yi da gaske nake ci. Wata rana ta ce mani:

"Malam, halan ko a nemi taimako wurin malamai? Abin ga bai yi kama da na banza ba."

Na yi mata tsawa na ce ba na son shirme. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna mini. Wata safiya da Yaya ya shiga bayan shago alwala, na lallaɓa na ɗaga tabarmar nan na duba ƙarƙashinta, na leƙa cikin randa, na shafa saman ƙofa ko an rataye wani abu. Ban samu komai ba sai tururuwa da ɓawon goro. Ya dawo ya tarar da ni a durƙushe, ya ce ko na yar da allura ne, na ce i. Ya taya ni nema har da tattaba tabarma, kuma har yau ban sani ba ko ya gane.

Akwai wani dattijo manomi daga Tafoki, Malam Tanko, wanda ya fi kowa daɗewa a tabarmar Yaya. Tun muna samari yake zuwa, duk kaka sai ya saya wa matarsa atamfa, kuma sai ya ɓata rabin yini yana zaɓe, Yaya yana tsokanarsa wai angon da ba ya tsufa. A tsakiyar daminar shekarar nan, wata safiya da ba ta kasuwa ba, Yaya ya tafi suna Mairuwa ya rufe ɓangarensa. Sai ga Malam Tanko, ƙafafunsa duk taɓo. Ya tsaya a ƙofar Yaya ya ga kwaɗo, ya jima a tsaye, sannan ya shigo wurina. Ya ce farin yadi yake so, ya faɗi yawan da zan yanka. Na auna, na yanka daidai kan alama, na naɗe masa, na faɗi farashina mai sauƙi. Ya biya. Ya ɗan tsaya yana kallona kamar mai jiran wani abu, ni kuma na ce masa Allah ya amfana, ya fita. Ranar na koma gida da fara'a, na ce wa mahaifiyarku babban mutumin Yaya ya shigo hannu, ya ga yadda ake ciniki babu ɓata lokaci, sauran ma suna tafe.

Babu wanda ya biyo shi, shi ma bai dawo ba. Da kaka ta yi na riga na yanke shawara. Wani abokina da muke haɗuwa a wurin sari ya samo mini shago a Funtuwa, a bakin titi, inda mutum ke shigowa ya nuna abin da yake so ya biya ya fita, ba ruwansa da sunanka. Na ce can ne wurina. Na fara ɗaure kaya, na gaya wa Inna, ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da hantsi, na ji hirar da ke bayan katako ta yanke, sai salati. Na zagaya na tarar da Yaya a kwance a kan tabarmarsa, bakinsa ya karkace. Muka kai shi asibiti. Rai ya tsaya, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da na yi shekaru ina cewa surutunsa ya ishe ni, daga ranar ban ƙara jin kalma ɗaya daga bakinsa ba.

To ga inda na tsaya. In na tafi Funtuwa, ɓangaren Yaya ya mutu, iyalinsa kuma da shi suke ci. In na zauna, sai in riƙe mutanen da shekara guda suna wuce ƙofata, ni da ban san abin da ke kawo su ba balle in ba su. Na je wurin Inna ina ta kewaye-kewaye, ina cewa ai daga Funtuwa ma zan iya aiko da abin cefane. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Aikowa daban, zama daban. Wancan da ke kwance, in ya ji an rufe ƙofar nan tashi, ba ciwon ne zai kashe shi ba. Amma kai ma ɗiyana ne, ba ni tilasta maka."

Da ta tilasta mini da na samu abin yin gardama. Na aika wa abokina ya ba wani shagon, na kira kafintan nan ya cire katakon da ya kafa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kada wani ya ce muku da farin ciki na zauna. Wanda ya karɓi shagon na Funtuwa yanzu motocinsa ke kawo mana kaya, kun san shi.

Na zauna na yi tunani na ce, to, in dai surutu ne sirrin, ai shekara guda na yi ina sauraronsa ta cikin katako, na haddace. Ranar kasuwa na shimfiɗa tabarma, na cika randa, na zauna ina washe baki har muƙamuƙina ya yi ciwo. Duk wanda ya zo sai in jero masa: ina gida, ina gona, ina yara, ina shanu, ina gajiya. Kafin ya amsa ta farko na kai ta biyar. Mutane suna amsawa suna kallona kamar wanda ya sa rigar wani. Can sai ga Malam Tanko ya zo tambayar jikin Yaya. Na ji daɗi, na ce ga wanda na san abin da ake ce masa. Na ɗaga murya yadda Yaya ke yi, na ce angon da ba ya tsufa, ina amarya, bana wace atamfa za a zaɓar mata? Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce:

"Malam Sule, ai kai ka yanka mata likkafani da damina."

Na rasa inda zan sa fuskata. Har gobe ina cewa farin yadi ana sayensa don riga, ana sayensa don rawani, mutum bai faɗa ba ina zan sani? Na faɗa wa Inna haka, ta ce wanda ya taho daga Tafoki da sassafe cikin taɓo, ba ranar kasuwa ba, ya nemi farin yadi mai yawa haka, ko makaho ya san ba rawani zai naɗa ba. Ta ce ashe Yaya har Tafoki ya je ta'aziyya a lokacin, ni ina bayan katako ban sani ba. Na ce to yanzu ya zan yi? Na yi shiru an guje ni, na yi magana na yi ɓarna. Ta ce in daina wahalar da kaina, in ɗauko mai tabarmar in mayar da shi tabarmarsa.

Na ga abin kamar rashin tausayi, a fito da mutumin da ba ya magana a ajiye a bakin kasuwa. Amma da na tambaye shi, sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya matse. Muka riƙa ɗauko shi da safe, mu jingina shi da matashi a gefen randa. Nan ne kaina ya ƙarasa ɗaurewa. Mutane suka dawo, har suka fi da. Su zauna a gabansa su yi ta ba shi labari, wannan ta ce ɗanta ya samu aiki, wancan ya ce masararsa ta yi kyau, wani ya faɗi abin da ke damunsa har ya share hawaye. Yaya ba ya cewa komai, ido kawai yake zuba musu, ya gyaɗa kai, wani lokaci ya yi dariyar nan tasa da ta koma gefe guda. Su tashi suna cewa hira da Alhaji Halliru akwai daɗi, sannan su juyo wurina su yi sayayya. Ni da na ɗauka bakinsa ne ke kawo su, ga bakin ya tafi, ga su nan. In na zo yanka yadi kuwa yana kallona, da na ɗora almakashi a kan alama sai ya miƙo hannun hagu ya ture shi gaba. Na yi ta ƙunƙuni, daga baya hannuna ya saba.

A zaman nan na gefensa, tunda ba ni da abin yi in ana ba shi labari, dole na riƙa ji. A haka na san sunayen 'ya'yan mutane, na san wanda ke jinya, na san wadda ba a tambayarta labarin haihuwa. Ban zama Yaya ba, kada ku yi mini ƙarya bayan raina. Har yau ina ganin tafin hannun nan asara ne, kuma har yau in mutum ya wuce rabin sa'a yana zaɓen ɗankwali raina yana ɓaci. Ban kuma iya faɗa muku da baki mene ne ainihin abin da suke saye a wurinsa ba. Abin da na sani shi ne ba mu yi bene ba, amma ƙofar ba ta rufe ba, da ita aka aurar da 'ya'yansa, da ita kuka yi karatu.

Yaya ya yi 'yan shekaru a haka, sannan Allah ya karɓi abinsa wata safiya bayan an idar da sallar asuba. Aka ce a aika wani shago ya yanko likkafani, na ce babu mai yanka wannan sai ni. Na je na buɗe, na sauko da farin yadi, amma na kasa shimfiɗa shi ni kaɗai. Sai na ji an kama ɗaya bakin an ja. Malam Tanko ne, ya kwana a gari wurin 'yarsa, labari ya same shi a masallaci. Ya riƙe, na auna, na sa alama, almakashin ya zarce da tafin hannu ba tare da na yi niyya ba. Ban yi kuka a gida ba, ban yi a gaban Inna ba, na ɗaure fuska kamar yadda na saba. Ina cikin naɗewa sai dattijon nan, wanda ya san amsar sarai, ya dafa kafaɗata ya ce a hankali:

"Malam Sule, na wa ne?"

Na sha juya tambayar nan a raina, ko gori ya yi mini, ko tausayina ya ji, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba har shi ma ya rasu. Na buɗe baki na ce na Yayana ne. Na zauna a kan tsagin nan na tsakiyar daɓe na yi kuka kamar yaro, shi kuma ya zauna a gefena da yadin a cinyarsa, bai ce in yi haƙuri ba, bai ce mu yi sauri ana jira ba, har sai da na gama.